Tsakanin Talata da Laraba

Laraba, da hantsi

Na buɗe ofis ni kaɗai. Tun da Yaya ya yanke jiki ya faɗi makon jiya ban leƙo ba sai yau. Jakarsa na nan rataye a bayan kujera, ga kofin shayin da bai ƙarasa ba har ya yi fumfuna. Na wanke kofin. Jakar na bar ta inda take.

Aikin namu a rabe yake tun farko. Ni ke tsara shafukan intanet, launi da rubutu da hotuna. Shi ke kula da saba, wato kwamfutar da shafukan ke zaune a kanta suna jiran mai dubawa. Duk sanda na leƙa allonsa sai ya ce, "Ƙanwa, tsaya kan fentinki." Yau babu mai hana ni leƙe, kuma ba na son leƙen.

Masu kira suna ta kira. Ina cewa da sauƙi.

Laraba, bayan azahar

Babbar nas ta cibiyar wankin ƙoda ta kira. Sista muke ce mata, kuma mu muka yi musu shafinsu. Ta fara da jikin Yaya, na ce da sauƙi. Sai ta shiga maganar da ta sa ta kira.

"Ƙanwata, na san ba lokacinsa ba ne, amma dole ce ta sa. Kin san shafin jadawali, inda marasa lafiya ke duba ranar zuwansu? Za a gyara mana injuna, shi ya sa na dawo da 'yan safe daga Laraba zuwa Talata. Na canza tun Asabar, na duba a kwamfutata, ya canzu. Ɗazu sai ga Baba Tela ya zo yana haki, ƙafafu sun kumbura suntum. Na ce Baba, ai jiya ce ranarka. Ya miƙo min wayarsa. Wallahi Laraba ce a rubuce."

Na tambaye ta yana ina yanzu. Ta ce sun kwantar da shi, an samo masa inji da ƙyar.

Na buɗe shafin a wayata, Talata. Na buɗe a kwamfuta, Talata. Na daɗe zaune ina kallon kalmar.

Laraba, da yamma

Asibiti. Ɓarin dama har yanzu bai motsi. Yana gane kowa, idonsa yana bin mutum har ƙofa, amma maganar ta maƙale. Inna tana ba shi abinci da cokali tana yi masa hira, ita ke tambaya ita ke amsawa. Anti, matarsa, ta rame cikin 'yan kwanakin nan.

Ban faɗa masa komai ba.

Alhamis, da safe

Na shiga sabar da kalmar sirrin da ya taɓa sa ni na haddace. Baƙin allo, farin rubutu. Ji na yi kamar na shiga ɗakinsa ina binciken akwati.

Abin da na fahimta, da karance-karance da tuno maganganunsa: waya ba ta ɗauko shafi sabo fil kowane lokaci. In ta ɗauko sau ɗaya sai ta ajiye kwafi. Saba ce ke gaya mata tsawon lokacin da za ta riƙe kwafin kafin ta dawo ta tambaya ko an canza. Na lalubo inda aka rubuta wannan umarni. Mako guda. Duk wanda ya buɗe jadawalin ranar Juma'a, wayarsa za ta yi ta nuna masa na Juma'ar, ba ta ko waiwayar saba.

Tawa wayar ba ta taɓa buɗe shafin ba, shi ya sa ta ga sabo. Ta Baba Tela kuwa kullum tana ciki.

Na cire makon daga kan jadawalin. Na rubuta cewa kowace waya ta riƙa tambaya kafin ta nuna. Na karanta layin har na gaji, sannan na danna. Babu abin da ya fashe.

Alhamis, da rana

Na kira Sista na yi mata bayani. Gyaran ba zai isa ga wayoyin da suka riga suka ajiye tsohon ba sai makon nasu ya cika, don ba sa zuwa tambaya balle su ji sabon umarni.

Ta ce, "To ai sai mu bi su da baki."

Na je cibiyar. Muka zauna a ɗan ofishinta mai ƙamshin maganin goge ƙasa, ita da waya ni da waya, muna kiran 'yan safe ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta riƙe ni da labarin jikanta da ya ƙi makaranta. Wani ya ce shi bai yarda da shafin ba tun asali, matarsa ce mai dubawa. Sista ta yi dariya har da share ido. Rabona da jin dariya kusa da ni an kwana biyu.

Baba Tela yana barci, ban shiga ba.

Juma'a, da yamma

Likita ya kira ni baranda, ni kaɗai, ya yi magana a hankali yana kallon takalminsa. Ba zan rubuta ba.

Da na koma ɗaki Inna ta ɗago ta dube ni. Na ce maganar magani ce.

Asabar

Wanki. Na haɗa da rigunansa na asibiti.

Lahadi, da safe

Anti ta ce in kawo masa tabaransa daga ofis. Na kai. Ta saka masa, ya yi ta kallon silin da shi. Da na tashi tafiya ya kama gefen mayafina da hannun hagu, ya yi wani sauti. Inna ta ce ruwa yake so. Ba ruwa ba ne. Na san tambayar, ofis yake tambaya.

Na ce, "Komai lafiya, Yaya. Ba abin da ya ƙone."

Ya daɗe yana kallona ta cikin tabaran kafin ya sake ni.

Litinin, da rana

Na yi aikin kaina yau, shafin wani mai sayar da kujeru. Yana son ja, na ce ja zai kore masa mutane, muka tsaya a ruwan ƙasa. Makon da wayoyin ke riƙe da tsohon jadawali ya wuce, yanzu kowace za ta tambaya ta samu sabo. Na ci abinci sosai.

Mai gyaran takalmin da ke gaban tagarmu ya leƙo ya tambayi maigidan. Da sauƙi.

Laraba, da safe

Bai gyaru ba.

Sista ta kira tun ban ajiye jaka ba. Wata malamar makaranta ta zo yau a madadin jiya. Ranar da muka yi kiran wayarta a kashe take. Allah ya taimaka jikinta da ƙarfi, an sa ta cikin 'yan rana. Sista ta ce a gabanta matar ta ja shafin ƙasa ya sabunta, ya juya ya juya, ya dawo da Laraba.

Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Shugaban cibiya ya ce in abin ya gagara, a sauke shafin a nemi wasu. Na ce a ba ki zuwa ƙarshen mako. Ba don komai ba, ƙanwata, rai ne."

Na ce gaskiya ne, rai ne.

Wannan cibiyar ita ce aikin farko da Yaya ya samo mana, da ƙafa ya yi ta zarya har suka yarda. Ba wannan ne abin dubawa ba yanzu, na sani. Na dai rubuta.

Laraba, bayan la'asar

Na karanta umarnin da na rubuta, daidai yake. Na sake kunna sabar. Na buɗe a wayata, Talata. Na goge komai na sake buɗewa, Talata. Abin haushi ke nan, cutar ba ta kama wayata. Sai na samu wayar da ke da ita a hannu.

Alhamis, da hantsi

Na je cibiyar da kwamfutata. Baba Tela yana kan inji, an ƙara masa zama saboda wanda ya rasa. Ɗan siriri ne, farin gemu, hannunsa ɗaya miƙe kan matashi, jini yana zagayawa cikin robobi. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi ko ni wace ce. Na shirya jin faɗa.

Ya ce, "Au, ke ce mai ranakun? 'Yata, kin ci min Talata guda, sai ki biya ni."

Na ce ya yi haƙuri. Na faɗa masa wayarsa nake son dubawa. Ya ce in ɗauki wayar a aljihun rigarsa, kada dai in karanta saƙonnin masu bin sa ɗinki, zagi ne zalla.

Na zauna gefen gadonsa. A kwamfutata na buɗe inda saba ke nuna duk wanda ya ƙwanƙwasa mata da amsar da ta ba shi. Na sabunta shafin a wayarsa. Nan take layi ya fito. Wayar ta tambaya, ba ta yi laifi ba. Ta ce ga hatimin kwafin da ke hannuna, an canza? Sabar ta amsa da lamba ɗari uku da huɗu, ma'ana ba a canza komai ba, ci gaba da wanda kike da shi.

Ashe ba wayar ce ke taurin kai ba. Sabarmu ce ke faɗin abin da ba haka ba.

Na tambayi kaina a fili, me ya sa? Baba Tela ya ce shi ma tambayar da yake yi wa ƙodarsa ke nan.

Ya tambayi jikin yayana, ashe Sista ta riga ta ba shi labari. Na buɗe baki zan ce da sauƙi, sai na ji na ce, "Baba, ba ya magana." Ya gyaɗa kai kawai. Ya ce in riƙa yi masa maganar aiki, kada a mai da shi jariri. Ya ce shi abin da ya fi ci masa rai a ciwon nan, yadda 'ya'yansa suka daina shawara da shi.

Alhamis, da yamma

Hatimin nan saba ce ke ƙirƙirarsa, daga abu biyu: ranar da aka taɓa fayil na ƙarshe, da girmansa. In ɗaya ya canza, hatimi ya canza, waya ta karɓi sabo.

Na duba ranar da ke kan fayil ɗin jadawali. Ta shekarar da muka buɗe shafin ce. Na duba hotuna, na duba sauran, duk rana ɗaya, lokaci ɗaya. Akwai ɗan shirin da Yaya ya rubuta, wanda ke ɗaukar gyaran Sista ya ɗora a saba, kuma a ƙarshensa akwai layin da ke mayar da ranar kowane fayil zuwa waccan tsohuwar. Da gangan aka yi. Yaya ba ya rubuta abu a banza.

To amma ai Sista ta sha canza jadawali a baya, bai taɓa maƙalewa ba. Rana ba ta motsi, na yarda. Girman fa?

Kaina ya ɗau zafi. Na rufe na tafi asibiti.

Juma'a, da sassafe

A bakin murhu abin ya zo min, ina jiran ruwa ya tafasa. Na ƙirga a yatsa. Talata, harafi shida. Laraba, harafi shida.

Duk canjin da Sista ta taɓa yi, ko ta ƙara suna ko ta rage, ko Asabar ta koma Alhamis, girman fayil yana motsawa ko da ɗan kaɗan ne, hatimi ya sabunta. Wannan karon kalma ɗaya ta cire ta sa wata mai tsawonta daidai. Rana ba ta canza ba, girma bai canza ba. A wurin saba, fayil ɗin jiya ne.

Na zauna a kan kujerar kicin na yi ta dariya ni kaɗai, har ruwan ya ƙone. Daga baya ba dariya ba ce, amma ta wuce.

Juma'a, da hantsi

Ban taɓa komai ba tukuna. Ina tsoron cire layin da ban san dalilinsa ba, kada in toshe nan ya ɓalle can.

Na tafi asibiti da kwamfutar. Inna ta ce wannan wane irin rashin tausayi ne, mutum na kwance. Na ce minti kaɗan ne, Inna. Na ɗora masa a ƙirji, na gyara masa tabarau, na faɗa masa komai tun daga farko, har da Baba Tela. Ban rage ba.

Da na zo kan Talata da Laraba ya rufe ido, ɓarin bakinsa na hagu ya motsa. Da na nuna masa layin na ce me ya sa, sai ya yi ta ƙoƙari, wuyansa ya ɗaure, sauti ɗaya ke fita. Inna ta ce a bar shi haka. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna wayar Anti, ya nuna ta, ya sake nuna wayar.

Anti ta ce, "Ko maganar data ce?"

Ya sauke hannun.

Ta ce ta tuna. Lokacin da aka buɗe shafin ya dawo gida ransa a ɓace, wai ya ga wata mata a cibiyar tana roƙon a ara mata waya, datarta ta ƙare wajen buɗe jadawali, don duk sanda aka yi gyara sai hotunan nan masu nauyi su sake sauka gaba ɗaya. Ya ce mutanen da ciwo ya riga ya cinye ba za su ƙara da wannan ba. Ya kwana biyu yana neman dabara.

Na ce, "To zan bar wa hotuna dabararka. Jadawalin kaɗai zan fitar, in sa hatiminsa ya riƙa fitowa daga abin da ke rubuce a ciki. Ko harafi ɗaya aka taɓa, ya canza. Ya yi?"

Ya sake duban layin. Sannan ya ɗaga babban yatsa, a karkace.

Hawaye na bin gefen idonsa zuwa kunne. Na san Baba Tela yake tunani. Na ce masa tsohon yana nan garau, har yana bi na bashin Talata.

Juma'a, bayan la'asar

Na gyara. Na je cibiyar na roƙi Sista ta gwada a gabana: muka fara dubawa a wayar wani mai jinya da ke da tsohon kwafi, Talata ta fito, sai ta mai da Talata Laraba, ta canza. Ta mayar, ta canza. Muka gwada a ta mai shara, muka gwada a ta mai gadi. Na kira malamar makarantar, ta duba, ta ce Talata take gani.

Sista ta ce duk da haka daga yau in ta canza rana sai ta bi da kira. Na ce ni ma haka na fi so.

Asabar

Barci. Inna ta ce ta leƙo sau biyu ta ga ko ina numfashi.

Talata, da rana

'Yan safe sun zo cif, ba wanda ya ɓace. Shugaban cibiya bai ƙara tada maganar ba.

An ce za a sallami Yaya jibi. Ba don ya warke ba. Sauran aikin na gida ne da mai gashin ƙashi, da lokaci. Anti ta sa an sauko da gado falo saboda matakala.

Alhamis, da yamma

Ya dawo gida. 'Yan dubiya sun cika falo, kowa na magana a kansa kamar ba ya wurin. Na ga ya juya fuska bango.

Asabar, da hantsi

Gidan ya yi shiru yau. Inna ta tafi kasuwa, Anti na yi wa yara wanka. Na je da kwamfuta don in nuna masa gyaran da idonsa, ya ga yadda na rubuta.

Ya karanta a hankali, yana yi min alama da ido in gangara. Ya kai ƙarshe, ya sa na koma sama. Sai ya miƙo hannun hagu ya jawo kwamfutar. Na buɗe masa farin shafi.

Da yatsa ɗaya yake nema. Ya danna harafi, ya ɓata, ya goge, ya sake. Sau da yawa na gane kalmar tun kafin ya kai rabi, bakina har ya buɗe, na dai haɗiye. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ina jin ƙarar ruwa daga banɗaki da ihun ƙaramin yana ƙin sabulu. Na sa rai godiya zai rubuta, ko wata magana mai nauyi, har na fara shirya fuskata.

Da ya gama ya juyo min da allon.

kin bar shafin gwaji a bude kowa na gani

Na duba. Gaskiya ne. Shafin da na yi ta gwaji da shi yana nan a fili tun Juma'ar makon jiya, da rubutuna a samansa: Allah ka sa ya yi.

Na ce, "Yaya, mako uku ba ka ce min komai ba, da wannan za ka fara?"

Kafaɗarsa ta hagu ta yi ta girgiza. Anti ta fito da gudu da kumfa a hannu, ta ɗauka wani abu ne ya faru. Ta karanta, ta dube shi, ta koma banɗaki, na ji ta rufe ƙofa.

Na rufe shafin gwajin a gabansa. Sai ya sake jawo kwamfutar ya rubuta, wannan karon da ɗan sauri: saura

Sauran aikin ofis yake nufi. Akwai shafin mai kujeru da ban ɗora ba, da wani kanti da ke son a duba musu saƙonni. Na ɗauko kujerar roba daga baranda, na zagaya gadon, na ajiye ta ta ɓangaren hagunsa.